Motata tana jijjiga idan na taka totur, an yi balansin sau biyu bai daina ba

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana mota ku agaza mini, abin ya ishe ni. Corolla ce ƙirar 2006 mai giyar otomatik, kullum ni da ita daga Arkilla zuwa Bodinga wurin aiki. Yau mako uku ke nan, da zarar na fita gari na taka totur, allura ta kai wajen 50 zuwa 70, sai gaban motar ya ɗauki jijjiga har gorar ruwan da ke gefena tana rawa. An yi balansin sau biyu, an yi alaimen, na sa sababbin tayoyi biyu a gaba. Abu na nan, kamar ma zuga shi nake yi. Na ce wa bakanikena ko shaf ne, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, ya sa na murɗe sitiyari na zagaya fili, bai ji ƙas-ƙas ba, ya ce shaf lafiya lau. To mene ne kuma?

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Yallaɓai rim ɗinka ne ya lanƙwashe. Ka faɗa rami kwanan nan? In rim ya lanƙwashe ko dalma nawa aka manna masa ba zai zauna ba. Ka sauya wurin balansin.

Direban Illela: Shaf na. Kan ciki. Ko ba a ɗaga mota ba na san shi. Shekara goma sha ɗaya ina jan Golf hanyar Illela, wanga ciwo ya ci kuɗina ba sau ɗaya ba.

Ɗan Mabera: Haba direba, mutum ya ce an gwada shaf ba ya ƙara.

Direban Illela: Kan waje anka gwada. Shaf kai biyu gare shi.

Kawu Bakanike: Ɗana Baban Khalifa, kahin kowa ya sa ka sayen wani ƙarhe, amsa min wagga tambaya. Lokacin da take jijjigar, in ka ɗauke ƙahwa daga totur ka bar ta tana gangarawa da kanta a wannan gudun dai, jijjigar tana nan ko tana ɓacewa? Kuma ina kake jin ta, ga sitiyari cikin hannunka, ko ƙarƙashin ƙahwahunka da kujera? In ba ka lura ba kada ka ƙaga min amsa, gobe in za ka aiki ka gwada ka dawo.

Baban Khalifa: Kawu wannan ba sai gobe ba. Ina ɗauke ƙafa take yin shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ina sake takawa ta dawo. Ta fi tsanani in ina son wuce babbar mota, ko in na ɗauko abokan aiki mun cika ta. Kuma ba a sitiyari ta fi ba, ƙasa ce, gaban motar ke kaɗawa hagu da dama.

Kawu Bakanike: To ka ba da amsa da bakinka. Taya ba ta san ka taka totur ko ba ka taka ba. In balansin na, ko rim, ko taya ta yi ƙwai, gudu kawai take bi: ta kai 90 ko 100 ta kama rawa, ka taka ka ɗauke duk ɗaya, kuma ga sitiyari kake jin ta. Abin da ke zuwa da totur ya tahi da totur, wurin da ƙarhin inji ke bi za a nema shi. Kuɗin tayoyi dai sun tahi, Allah shi mayar da alheri.

Abu Hanif: Kawu a gafarce ni, ba gardama nake ba, amma ni tawa haka ta yi mini bara, in na taka ta kama kakkarwa in na saki ta daina, ashe koyil ɗaya ne ya mutu da fulogi. Shi ma ai da totur yake zuwa. Kar a sa bawan Allah ya sayi shaf alhali wuta ce ba ta isa.

Kawu Bakanike: Gaskiyarka Abu Hanif, ba ka yi laihi ba. Su biyun suna kama, amma ba su zan ɗaya ba. In silinda guda ba ta ƙona mai, mota hizga take yi gaba da baya kamar doki na turjiya, ƙarhi ya ragu, sau da yawa hitilar inji ta kama ƙyaftawa, kuma ko tana tsaye kana jin inji ba ya numfashi daidai. Shaf kuwa inji na tahiya sumul, ƙarhi na nan, jiki na kaɗawa gehe da gehe. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: ya sa giya ga 2, ya kai gudun nan na 50 zuwa 60 ya taka. Yanzu juyin inji ya sauya sosai, gudun taya bai sauya ba. In jijjigar ta tsaya wurinta na da, ba inji ba na.

Malam Mai Alli: Bari in sa baki a matsayina na mai koyar da kimiyya, ba bakanike ba, Kawu ya gyara mini in na kauce. Abin da ya rikita bakaniken Baban Khalifa shi ne kawunan shaf biyu ba ƙira ɗaya ba ne, don haka ba kuka ɗaya suke yi ba.

Na waje, wanda ke jikin taya, ƙwallayen ƙarfe shida ne a cikin keji, suna gudu a kan kwarin da aka fafe musu. Wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1920, har yau da sunansa ake kiran wannan ƙira. Aikinsa ya miƙa wa taya ƙarfi ko da an murɗe sitiyari har ƙarshe, yana iya karyewa sama da digiri 40 yana juyawa. Shi ya sa in ya ci, a kwana yake tona kansa, ƙas-ƙas-ƙas.

Na ciki, wanda ke shiga giyabos, a yawancin ƙananan motocin nan ƙafa uku gare shi kamar murhu, kowace ƙafa da ɗan gargarenta mai juyawa a kan siraran allurai, duka suna zaune cikin wani kofin ƙarfe. Shi ba ruwansa da sitiyari. Aikinsa ya zame ciki da waje, saboda duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami tsawon da ke tsakaninta da giyabos yana sauyawa. Shekara da shekaru gargaren nan suna danna wuri ɗaya a bangon kofin, har su yi masa gurbi. In ka taka totur, ƙarfin inji ya matse su cikin gurbin, maimakon su zame sai su riƙa cijewa suna tura inji da giyabos gefe. In ka saki, matsin ya tafi, shi ke nan shiru.

Don a ga yawan abin: tayar Corolla mai lamba 195/65 R15 kewayenta ya kusa mita 2. A gudun kilomita 60 tana juyawa sau 8 da ɗoriya a daƙiƙa guda. Ƙafa uku, kowane juyi turi uku, kusan 25 ke nan a daƙiƙa. Dole gorar ruwa ta yi rawa.

Ɗan Mabera: Malam ka mayar da mu aji. To na janye maganar rim, amma dai a duba shi tunda an zo.

Kawu Bakanike: Malam babu abin gyarawa, sai dai ni ban san sunan Baturen ba sai yau. Mu da munka koyi aiki kan Fijo 504, ƙarhi baya yake zuwa, gaba sitiyari kurum. Da masu jan gaba sunka cika gari, abin da yara sunka riƙe guda na: shaf shina ƙara ga kwana. In bai yi ƙara ba sai su wanke shi. Rabin karatu ke nan.

Maman Ihsan: Sannunku da ƙoƙari. Kawu ina wuni. Ni na waje ne ya taɓa kunyata ni, bari in faɗa ko wata za ta tsira. Wata huɗu motata tana ƙas-ƙas duk lokacin da zan karya kwanar gidanmu a Gawon Nama, na saba da shi har ina cewa gaisuwa take yi. Maigidan ya ce a kai gareji, na ce sai an yi albashi. Ranar da abin zai faru na ɗauko yara daga Islamiyya, ina cikin shataletale na ji ƙarar ƙarfe, sai inji ya kama kuka mota ba ta motsi. Na sa D, na sa R, babu. Abin da ya fi ba ni tsoro, na sa P na fito, sai na ga tana gangarawa da yara a ciki. Wani mai Keke ne ya yi mini ihu in ja birkin hannu. Allah ya saka masa, ban ma san shi ba.

Malam Mai Alli: Subhanallahi. Hajiya haka abin yake. In shaf ɗaya ya tsinke, duk ƙarfin yana zurarewa ta ɓangaren da ya tsinke, ɗaya tayar ba ta samun komai. Shi kuma P cikin giyabos yake kullewa, ba a taya ba, to in hanyar da ke tsakaninsu ta yanke babu abin da ke riƙe motar sai birkin hannu.

Baban Khalifa: Maman Ihsan kin tsorata ni. Kawu, ke nan kar in hau ta gobe?

Kawu Bakanike: Kan ciki ba ya yawan tsinkewa rana ɗaya, yana ba da sanarwa mai tsawo. Ka tahi aiki a hankali, ban da hizga, ban da lodi, amma kada ka ɗauke ta zuwa Gusau ko Birnin Kebbi a haka. Kuma kada mako ya ƙare ba a duba ba, don jijjigar tana cin injin sit, wato mazaunin roba da ke riƙe inji, da sil ɗin giyabos mai hana mai zuba.

In ka je, ka tsaya kansu. A ɗaga mota a sa mata abin tokare na ƙarhe, ba jak kaɗai ba. Ka leƙa da hitilar waya ka dubi robobin nan huɗu masu kama da zugazugi, biyu kowane gehe. Ka sa yaro ya buɗa tsakanin ninkin da yatsa, nan tsaga ke ɓoyewa. In ka ga baƙin giris ya hwantsama jikin giyabos ko ƙasan inji, an gama magana. Sannan a riƙe kofin da hannu guda, a murɗa sandar da ɗayan, gaba da baya, a ɗaga sama da ƙasa. Shiga da hita ba laihi ba na, haka anka yi shi. Wasa wurin murɗawa da ƙwal-ƙwal shi na laihi. A gwada hagu a gwada dama, wanda ya hi wasa shi na ɓarawon.

Abu guda na hana ka: kada ka yarda a ɗaga ta kan jak a sa giya a taka totur wai a ga rawar. Na ga mota ta sauko daga jak da gudu ta shige bango. Kuma tayoyi na rataye shaf ba ya zaune yadda yake zama kan hanya, ko lafiyayye sai ya yi rawa.

Direban Illela: Kawu ka manta injin sit. Ni sau ɗaya na sauya shaf, rawa ta ragu ba ta tahi ba, ashe sit ya zauna, inji ya sunkuya, shaf na aiki a karkace.

Kawu Bakanike: Ban manta ba, tsuhwa ta. A taka birki da ƙarhi, a ja na hannu, a sa D a ɗan taɓa totur, a sa R a ɗan taɓa, wani na gehe shina kallon inji, ba gaban mota ba. In ya yi tsalle kamar zai hito, sit ya tahi.

Ummaru Mai Wanki: Ni tambayata me ke kashe robar nan da wuri haka a garin nan? Wasu na cewa mu masu wankin mota ne da ruwan inji.

Direban Illela: Ku ma kuna ciki, ba za mu wanke ku ba. Amma babban mai laihi rana ta. Watan Afrilu zahi na wuce digiri 40, kwalta kamar tanda, ga zahin inji da salansa kusa da robar ciki. Ta bushe ta tsage. Hunturu ya zo da ƙura, damina ta zo da ruwa, unguwanninmu kuwa rairayi. Giris da yashi in sunka haɗu sun koma abin wasa wuƙa.

Maman Ihsan: Ni abin da ya ƙona mini rai, da aka buɗe nawa sai aka ga robar da igiyar tib aka ɗaure ta. Wanda ya yi mini aikin farko ya karɓi kuɗin kilif.

Kawu Bakanike: Hajiya wannan cuta ta yi yawa, ba na kare kowa. Tib da waya ba su riƙe giris in shaf na juyawa da gudu. Ga kuma masu cusa jan giris ko ruwan ɗorawa na boris. Kan waje baƙin giris yake so, mai sinadarin moli. Na ciki mai ƙahwa uku nashi ya hi ruwa-ruwa, don ya shiga tsakanin allurai. In roba ta zo da giris ɗinta cikin kwali, a juye shi duka, kada yaro ya raba shi mota biyu.

Baban Khalifa: To in ya tabbata shi ne, sabo zan saya ko Beljiyam? Ko a wanke a sake giris kawai?

Abu Hanif: Sabo mana. Beljiyam ai wani ya gama cin amfaninsa.

Direban Illela: Abu Hanif ba ka sha wuya ba. Sabon kwali mai arha na taɓa sawa, tun daga bakin gareji yake rawa, wata uku ya hwara ƙara. Beljiyam na asali wanda robarshi ba ta taɓa hwashewa ba ya hi shi nesa ba kusa ba.

Abu Hanif: In ka samu na asalin ke nan. Nawa ne ake cirowa a motocin gida a wanke da fetur a fesa baƙin fenti a ce daga jirgi aka sauke? Kai da ido za ka gane?

Direban Illela: Da hannu nike ganewa. Kuma ban biya sai da sharaɗin in ya yi rawa in maido.

Mai Kayan Gyara: Jama'a ni sana'ata ce, kowanne akwai mai kyau akwai na banza, kuɗinka ne ke zaɓa maka. Baban Khalifa ka yi mini magana ta akwati akwai shi a ƙasa.

Shugaban Zaure: Alhaji ban da talla a nan, ka san doka. In akwai ilimi a zuba kowa ya amfana.

Mai Kayan Gyara: Tuba nake shugaba. To ga ilimin. Duk inda za ka saya, ka tafi da tsohon a hannu, kar ka yarda da "ai duk Corolla ɗaya ce". A jera su ƙasa a gwada tsawo, don na dama ya fi na hagu tsawo, kuma na otomatik da na mai kulochi ba lallai su zo ɗaya ba. A ƙirga haƙoran bakin da ke shiga giyabos da na bakin taya. In motarka zoben ABS ɗinta (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) a jikin kan waje yake, shi ma a ƙirga haƙoransa, in ba haka ba ka gyara jijjiga ka sayi fitila a dashbod. Batun wankewa a sake giris kuwa, yana aiki ne in an kama roba da wuri ƙarfe bai ci ba. In ka sa yatsa cikin kofin ka ji gurbi, giris ba ya cike rami. Zai yi shiru mako biyu ya dawo.

Kawu Bakanike: Alhaji yau ka yi magana kamar ba ɗan kasuwa ba. Ƙari guda: ba dole a sauya shaf duka ba in kan waje da sanda lahiya suke, ana samun kan ciki shi kaɗai. Amma kofi da ƙahwa uku tare za a sauya su, kada a aura sabo da tsoho.

Baban Khalifa: Jama'a na dawo da rahoto. Jiya na yi gwajin giya 2 a hanyar Bodinga, jijjiga tana nan a gudunta, don haka Abu Hanif koyil ya fita. Yau na kai gareji na tsaya a kansu kamar yadda Kawu ya ce. Robar ciki ta hannun dama ta tsage ta baya, inda ido ba ya kai wa sai an juya taya, ƙasan inji duk baƙin giris ya kama ƙura ya zama laka. Da aka zare kofin babu giris sai wani abu kamar tsatsa da yashi, gurbi uku ɓaro-ɓaro, ɗaya gargaren ma allurai na zubowa. Bakanikena ya yi shiru, can ya ce wallahi shi ƙara yake jira. Ban yi masa faɗa ba, tare muka ƙaru. Na sa Beljiyam na dama gaba ɗaya, bayan an gwada tsawo an ƙirga haƙora. Injin sit an gwada, Direba, da sauransa. Na kai ta har Dange na dawo, na taka yadda nake so, ko gezau.

Direban Illela: Mi nac ce tun hwarko? Kalma huɗu na rubuta anka tsaya gardama.

Ɗan Mabera: Mun ba ka kofin, direba. Tsohon da aka cire.

Kawu Bakanike: Madalla ɗana. Amma ban sallame ka ba. Da anka zare shaf, man giya ya zuba?

Baban Khalifa: Ya zuba kaɗan Kawu, sun tara a roba, yaron ya ce ba komai.

Kawu Bakanike: Da komai. Gobe in ta yi zahi ka tsaya wuri mai daidai, inji na aiki, ka zaro sandar awon man giya ka gani. In ya sauka a cika da irin wanda anka rubuta ga sandar ko littahin mota, ba wanda ke kusa da hannun yaro ba, kuma kada a maida wanda anka tara cikin ƙura. Ka shimhiɗa kwali ƙarƙashinta da dare kwana uku, in ka ga ɗigon jan mai sil ya ji rauni wurin sa shaf. Babban notin tsakiyar taya kuma, sun dake bakinshi ya shiga gurbin bayan sun ɗaure?

Baban Khalifa: Wannan ban lura ba. Na ga dai yaron ya hau kan bututu da ƙafa yana ɗaurewa.

Kawu Bakanike: Ka koma su cire murhin ka gani da idonka. In bai daku ba noti na iya warwarewa, in ya yi sako-sako boris ke biya.

Maman Ihsan: Baban Khalifa tsofaffin tayoyin da ka cire fa, suna nan? Lambarsu ɗaya da tawa.

Baban Khalifa: Suna nan Hajiya, mai faci ya so ya riƙe na ƙi. Ki turo a ɗauka bayan La'asar.